Lita 40 Domin Lita Ɗaya: Sharhi Kan Littattafan Yara Na Maɗin Mefil

A arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada akwai wata sana'a da ba ta wuce mako huɗu zuwa shida a shekara, amma duk da gajartar lokacinta ta haifi littattafan yara masu tarin yawa. Sana'ar ita ce huda itacen mefil a ƙarshen hunturu, a tari ruwan da ke ɗigowa daga jikinsa, a yi ta dafa shi har ya zama maɗi mai kauri, wanda mutanen can suke kwararawa a kan irin nasu fanken wajen karin kumallo. Itacen nan shi ne wanda jan ganyensa ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. Da watan Fabrairu ya kama, malaman firamare da masu kula da ɗakunan karatu a jihohi irin su Vermont da New York da Maine, da lardunan Kwibek da Ontariyo, sukan fito da waɗannan littattafai su jera, wasu makarantun ma har su kwashi yara zuwa gona domin gani ya kori ji.

Kusan duk littattafan zubinsu ɗaya ne: iyali ɗaya, gona ɗaya, zangon aiki ɗaya, daga ranar da aka huda itacen farko zuwa ranar da aka wanke bokitin ƙarshe. To me ya sa al'umma za ta yi ta maimaita wa 'ya'yanta labarin aikin gona ƙwaya ɗaya? Kuma shin abin da take gaya musu cikakkiyar gaskiya ce? Ra'ayina shi ne, waɗannan littattafai suna cikin mafiya kyawun misalan yadda ake koya wa yaro asalin abincinsa ba tare da an raina hankalinsa ba. Amma da yawansu sun tsaya a rabin labari, kuma rabin da suka bari shi ne ya fi bukatar a faɗa.

Itace, sanyi da wuta

Ba za a gane littattafan ba sai an gane aikin. A watannin ɗumi, ganyen mefil yana haɗa abinci da taimakon hasken rana, itacen ya adana shi a matsayin sitaci cikin gangar jikinsa da saiwoyinsa. Ganye ya kaɗe, hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Can wajen ƙarshen hunturu sai sitacin ya juye ya zama sukari, ya narke cikin ruwan itacen. Sai dai ruwan nan ba ya fitowa sai an dace da wani yanayi: dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, wato ƙasa da digiri sifili, rana kuma ta ɗan saki, zafi ya kai digiri 4 zuwa 7. Da dare, yayin da rassa ke daskarewa, itacen yana zuƙo ruwa daga ƙasa zuwa sama. Da hantsi ƙanƙarar da ke ciki ta narke, iskar da ta matsu a cikin ƙananan ramukan itacen ta buɗe, ruwan ya shiga neman mafita. In akwai huda, ta nan zai bi. Idan dare bai yi sanyi ba, ko rana ba ta saki ba, bokiti haka zai wuni a bushe.

Ba kowane itace ake taɓawa ba. Sai ya yi wajen shekara 40, faɗin gangar jikinsa ya kai santimita 25 zuwa 30. Mai huda yakan duba inda aka huda bara da bara waccan, ya kauce musu, ya zaɓi lafiyayyen wuri. Ya sa abin huda ya yi rami mai zurfin santimita 4 zuwa 5, ya ɗan karkatar da shi sama domin ruwa ya gangaro. Garin itacen da ke fitowa daga ramin shi ke ba shi labari: in fari ne tas, wurin mai rai ne; in ya yi duhu, an faɗa kan tsohon tabo, sai a sake wuri. Daga nan ya cusa ɗan gajeren bututu, ya bubbuga shi a hankali da guduma, don in ya buga da ƙarfi itacen zai tsage, ruwan ya riƙa yoyo ta gefe. Ya rataye bokiti, ya sa murfi saboda ruwan sama da ɓaraguzan ɓawo. In ranar mai kyau ce, kafin ya ɗaga ƙafa zai ji ɗigon farko ya bugi gindin bokitin ƙarfe. Ramin yakan warke da kansa cikin 'yan shekaru, kuma itacen da aka bi da shi sannu ana iya morarsa fiye da shekara 100.

Ruwan da ke taruwa garai yake kamar ruwan sha, da ƙyar harshe ke jin zaƙinsa, domin sukarin da ke cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Shi kuwa maɗi, doka ba ta yarda a kira shi maɗin mefil ba sai sukarinsa ya kai kashi 66 cikin 100. Tsakanin 2 da 66 ɗin nan aikin yake. Sai an ƙone wajen lita 40 na ruwa kafin a sami lita ɗaya ta maɗi. Huda ɗaya mai bokiti kuwa abin da take bayarwa a zango guda bai wuce wannan lita 40 ɗin da yawa ba. Wato itace ya yi shekara 40 yana girma, ya yi shekara guda yana tari, domin a sami abin da bai fi cikin kwalba ɗaya ba.

Ruwan ba ya jira. In ya kwana cikin ɗumi sai ya gurɓace ya yi tsami, saboda haka ranar da aka tara ranar ake dafawa, ko da za a kai asuba. Ana dafuwar ne a wata bukkar katako mai buɗaɗɗen rufi inda tururi ke fita. A ciki akwai doguwar murhu, a kanta faffaɗan kaskon ƙarfe mai ɗakuna-ɗakuna: ɗanyen ruwa na shiga ta wannan gefe, yana zagayawa yana ƙara kauri, har ya isa ɗaya gefen. Mai kula da wuta ba ya zama, bayan 'yan mintoci sai ya buɗe ƙofar murhu ya jefa faskare. Mai kula da kasko kuwa idonsa na kan kumfa, domin in ta taso tana iya malalewa cikin ƙiftawar ido, sai an ɗiga mata ɗan man shanu ko mai ta kwanta. In ruwa ya yi ƙasa a kasko, maɗi ya ƙone, kaskon ma ya lalace. Ana gane ya nuna ne idan zafinsa ya ɗara na tafasasshen ruwa da digiri 4, wato wajen digiri 104. Tsofaffin masu sana'a sukan tsoma ludayi su ɗaga: in maɗin ya daina ɗiga ɗaya-ɗaya, ya koma saukowa a haɗe kamar labule, to ya yi. Sai a tace shi da ƙyalle mai kauri a fitar da tsakin ma'adanin da ke kwantawa, a ɗura shi da zafinsa. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ya san wannan tururi da wannan tsaron wuta, sai dai ruwan rake ya ninka na mefil zaƙi sau da yawa, don haka haƙurin da mefil ke nema ya fi tsawo.

Maɗin farkon zango yakan fito da haske kamar zinariya, ɗanɗanonsa mara nauyi. Da kwanaki suka ja, sai ya riƙa yin duhu da ƙarfin ɗanɗano, shi ya sa ake kasa shi aji huɗu bisa launi. Ranar da itace ya fara toho, ruwan ya canza ɗanɗano, zango ya ƙare sai baɗi.

Littattafan da suka kafa hanya

Cikin waɗanda suka fi shigar da wannan sana'a zukatan yaran Amurka akwai littafin Laura Ingalls Wilder mai suna Little House in the Big Woods, wanda ya fito a 1932. Labari ne da ta gina kan ƙuruciyarta a dajin Wisconsin a farkon shekarun 1870. A ciki uban yarinyar da labarin ke bi yana bayyana yadda kakanta ya shafe hunturu yana sassaƙa bokitan katako da 'yan bututun itace, da yadda yake dafa ruwan a babbar tukunyar ƙarfe da aka rataye tsakanin itatuwa biyu. Sai kuma taron dangi a gidan kaka, inda ake rawa, ana zuba maɗi mai zafi a kan farantan dusar ƙanƙara ya daskare ya zama alewa. Ƙagaggen labari ne a tsarinsa, amma bayanin aikin da ke ciki na wanda ya gani da ido ne, kuma daga gare shi marubutan baya suka gaji abubuwa uku: kaka mai ilimin sana'a, yaro mai kallo da tambaya, da biki a ƙarshen wahala.

A 1956 Virginia Sorensen ta fitar da Miracles on Maple Hill, labarin iyalin da suka koma ƙauye a Pennsylvania bayan uban ya dawo daga yaƙi da raunin zuciya. Littafin ya ci lambar Newbery a 1957, wadda take cikin manyan lambobin adabin yara a Amurka. A nan bukkar dafa maɗi ta zama wurin da maƙwabta ke tallafar juna, mai ciwo ya sami sauƙi.

Amma in ana maganar littafin gaskiya tsantsa, wanda ba ƙage a ciki, to na Kathryn Lasky ne abin misali: Sugaring Time, na 1983, mai ɗauke da hotuna baƙi da fari na Christopher Knight. Su biyun sun bi wani iyali a Vermont tsawon zango guda: yadda ake fasa hanya cikin dusar ƙanƙara da dawakan aiki, yadda ake huda, da tarawa, da dafuwa, da wankin kaya. Littafin ya sami yabon girmamawa na Newbery a 1984, abin da ba kasafai littafin bayani ke samu ba. Bayan shi an yi ta samun littattafan hoto na ƙananan yara, irin su Sugaring na Jessie Haas a 1996, inda yarinya ke taya kakanta aiki tana tausayin dawakan da ke jan kaya, da Sugarbush Spring na Marsha Wilson Chall a 2000. Waɗannan sun sa ƙagaggun mutane, amma matakan aikin da ke ciki na gaske ne.

Inda ƙarfinsu yake

Abu na farko da ya ba waɗannan littattafai ƙarfi shi ne sana'ar kanta ta zo da zubin labari. Tana da farko, lokacin jiran yanayi. Tana da tsakiya, lokacin da bokitai ke cika fiye da yadda hannaye za su iya kwashewa. Tana da ƙarshe da ba mutum ne ke yanke shi ba. Marubuci ba ya bukatar ƙirƙiro mugu ko abin al'ajabi, domin zullumin yana nan a cikin aikin: yau ruwa zai zubo ko kuwa? Kasko zai ƙone? Itacen wuta zai kai ƙarshen zango?

Na biyu, ba sa tsoron alƙaluma. Yaro ɗan shekara bakwai yana iya riƙe cewa bokiti 40 ke ba da bokiti ɗaya, kuma daga nan ƙofar lissafi ta buɗe. Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida da wani masani na Jami'ar Vermont, C. H. Jones, ya fitar: a raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan, abin da ya fito shi ne yawan litar da za a dafa a sami lita ɗaya. In sukarin kashi 2 ne, lita 43; in an yi sa'a ya kai kashi 3, bai kai lita 29 ba. Ɗan aji huɗu zai iya wannan lissafi, ya kuma gane dalilin da ya sa manomi ke son wani itace fiye da wani. Haka ilimin kimiyya ke shiga ba tare da an kira shi darasi ba: daskarewa da narkewa, tururi, yadda tsiro ke ajiye abinci.

Na uku, yaron da ke cikin littafin yana da aikin yi, kuma aikin daidai ƙarfinsa ne. Shi ke riƙe bututu ya miƙa wa babansa, shi ke ɗora murfi, shi ke leƙa bokiti ya kawo labari, shi ke jera faskare. Abin huda da tafasasshen kasko na manya ne. Yana zuwa makaranta, ya dawo ya shiga daji. Wannan iyaka tana da muhimmanci, domin akwai tazara mai nisa tsakanin yaron da ke koyon sana'ar gidansu a gefen iyayensa da yaron da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Littafi mai kyau yana nuna wa yaro cewa hannunsa na da amfani, yana kuma nuna wa babba inda ya kamata ya tsaya.

Na huɗu shi ne tsawon lokaci. Yaron da ya karanta cewa itacen da ake huda yau ya girmi mahaifinsa, kuma ƙaramin da aka bari a gefe jikokinsa ne za su more shi, ya fara fahimtar abin da wa'azi kan kare daji ba zai koya masa cikin sauƙi ba. Kowace shekara sai a sake wurin huda, ba a yi wa ƙaramin itace rami biyu, ba a taɓa wanda bai isa ba. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A waɗannan littattafai yaro yana ganin haƙurin da idonsa, da awonsa, da ladansa a cikin cokali.

Rabin labarin da aka bari

Yabon gwani ya zama dole, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Babban giɓi na farko shi ne asalin sana'ar. Turawan da suka je Amurka ba su zo da ita daga Turai ba, a wurin 'yan asalin ƙasar suka koya: al'ummomin Anishinabe, da Abenaki, da Hodenoshoni waɗanda Turawa ke kira Irokwai. Su ne suke tsaga ɓawon itacen, su sa ɗan tsinke ya bi da ruwan cikin mazubin ɓawon itace, su dafa har ya zama sukari mai gari wanda ba ya lalacewa, su ajiye shi na shekara. Har wata guda gare su a lissafin shekara mai ɗauke da sunan wannan aiki. Littattafai da yawa sukan ba wannan tarihi layi biyu a shafin ƙarshe, da kalmomin da ke nuna kamar mutanen sun shuɗe. Alhali suna nan, suna kuma yin aikin har yau, kuma da yawa daga cikin dazuzzukan da gonakin iyali suke a kai yanzu ƙasar kakanninsu ce da aka raba su da ita.

An sami masu cike wannan giɓi. A 1993 Laura Waterman Wittstock, 'yar al'ummar Seneka, ta rubuta Ininatig's Gift of Sugar, littafin gaskiya mai hotuna da ya bi wani dattijon Anishinabe a Minnesota yana koya wa yara sana'ar a sansaninsa. Haka kuma masaniyar tsirrai Robin Wall Kimmerer, 'yar al'ummar Potawatomi, ta keɓe babi ga mefil a littafinta Braiding Sweetgrass na 2013, wanda aka sake tsara shi domin matasa a 2022. A cikin tatsuniyoyin waɗannan al'ummomi akwai wadda ke cewa da can maɗi ne tsantsa ke zuba daga itacen, har mutane suka yi watsi da aiki suka kwanta a gindinsa suna lasa, sai aka tsarma shi da ruwa domin su koma yin gumi kafin su sha daɗi. Yaron da ya ji wannan ya san cewa lissafin 40 da ɗaya ya daɗe yana ba mutane abin tunani tun kafin a kawo ma'aunin zafi.

Giɓi na biyu shi ne alaƙar sukari da bauta. A farkon shekarun 1790, likita Benjamin Rush na Filadelfiya da wasu masu adawa da cinikin bayi sun yi ta kiran mutane su koma ga sukarin mefil, domin sukarin rake na tsibiran Karebiyan da jinin bayin da aka kwaso daga Afirka ake yin sa. Thomas Jefferson ma ya karɓi ra'ayin, har ya sa aka dasa itatuwan mefil a gidan gonarsa na Monticello a 1791, ko da yake shi kansa ya mallaki ɗaruruwan bayi, itatuwan kuma ba su yi albarka a can ba. Yunƙurin bai karya kasuwar rake ba. Amma labari ne da ke nuna wa yaro cewa abin da ake saye a ci yana da nasaba da adalci da zalunci, kuma kaɗan ne cikin littattafan ƙananan yara suke taɓa shi.

Giɓi na uku shi ne hoton sana'ar a yau. Yaron da ya karanta littattafan nan zai ɗauka da bokiti da doki ake yin maɗin da ke kan teburinsu. Gaskiyar magana, tun daga shekarun 1970 siraran bututun roba suka fara mamaye dazuzzukan, suna haɗa dubban itatuwa zuwa tanki ɗaya, injin zuƙo na jawo ruwan, wata na'urar tacewa kuma tana cire mafi yawan ruwan tun kafin a kai shi wuta. Lardin Kwibek kaɗai ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na maɗin duniya, jihar Vermont kuwa ita ke kan gaba a Amurka. Ƙungiyar masu sana'ar ta Kwibek tana ƙayyade yawan abin da kowa zai sayar, tana kuma da rumbun ajiya na dubban durom-durom domin shekarar da aka yi rashi. Darajar kayan ta kai har tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka kwashe kusan tan 3,000 daga wani ɗakin ajiya, wanda kuɗinsa ya kai wajen dalar Kanada miliyan 18. Ga kuma wani abin: yawancin abin da ake sayarwa da arha a kantuna domin fanke ba na mefil ba ne, ruwan sukarin masara ne da aka sa wa launi da ƙamshi, kuma sau da yawa daga hulba ake samo ƙamshin. Akwai yaran Amurka da yawa da suka karanta littattafan nan ba su taɓa ɗanɗana maɗin ainihin ba.

Na huɗu, sauyin yanayi. Sana'ar da rayuwarta ta rataya kan daren sanyi da ranar ɗumi ita ce ta farkon jin jiki idan hunturu ya rikice. Masu bincike, ciki har da na cibiyar Proctor ta Jami'ar Vermont, sun lura cewa zangon yana farawa da wuri fiye da yadda yake a zamanin kakanni. A 2021 ɗumi ya gajarta zangon a Kwibek, har ƙungiyar ta fitar da wajen kilo miliyan 22 daga rumbunta domin cike kasuwa. Littafin da ya nuna wa yaro cewa kowace shekara haka abin yake, ba ya canzawa, bai shirya shi ga duniyar da zai girma a ciki ba.

Shin laifi ne a nuna bokiti?

Masu kare tsohon salo suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sun ce yaro ɗan shekara biyar ba zai gane injin zuƙo ba sai ya fara gane ɗigo. Bokiti yana nuna abin da bututu ke ɓoyewa: ga itace, ga rami, ga ruwa. Sun ce kuma har yanzu akwai dubban iyalai masu 'yan itatuwa a bayan gida da ke rataye bokiti, kuma da yawa daga cikin gonakin da ke amfani da bututun ma na iyali ne, uba da 'ya'ya ke zagaya daji suna neman inda kurege ya ciji tiyo.

Na yarda da su a kan inda za a fara, ban yarda da su a kan inda za a tsaya ba. A fara da bokiti, amma kafin a rufe littafi a nuna tiyo. A fara da kaka da jikarsa, amma a faɗi daga wurin wa kakan kakansa ya koya. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya mai fuska biyu in an ba shi ita da harshen da ya dace da shekarunsa. Abin da ke cutar da shi shi ne ya girma ya tarar littafin da ya amince da shi ya yi masa kwalliya ya ɓoye sauran. Ma'aunin littafin gaskiya na yara, a ganina, guda uku ne: marubucin ya je ya gani, alƙalumansa su zama daidai, kuma kada ya bar wani mai haƙƙi a waje don labari ya yi daɗi.

Abin da ya shafe mu

Itacen mefil mai sukari ba ya fitowa a ƙasar Hausa, domin babu sanyin da yake bukata. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne dabarar rubutun. Muna da tarihin rubuta wa yara ilimin halitta da Hausa, tun daga Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam da aka buga a Zariya. Amma in aka duba abin da yaranmu ke samu yau da harshensu, tatsuniya da littafin jarrabawa sun fi yawa. Littafin da zai ɗauki sana'a ɗaya ta gida ɗaya ya bi ta daga farko har ƙarshe, da hotuna da awo na gaskiya, yana da wuyar samu.

Ga shi kuwa sana'o'in suna nan birjik, kowace da lokacinta da iliminta: yadda ake tsaga dakwara a tsinci ƙaro a Yobe da Borno da Jigawa, yadda mata ke mayar da kaɗanya man kaɗe, yadda kalwa ke zama daddawa, yadda ake rataye amya a ɗebi zuma, yadda baba ke zama shuni a marinar Ƙofar Mata a Kano. Marubucin da zai yi wannan aiki sai ya nemi izinin gidan, ya zauna da su tsawon zango, ya tambayi kwano nawa na ƙwara ke ba da kwano ɗaya na mai, ya auna da kansa, ya rubuta sunan kowane kayan aiki yadda masu shi ke kiransa. Ya faɗi wahalar da ke ciki, da hayaƙin da ke shiga ido, da abin da ɗan kasuwa ke biya, da itatuwan da ake sarewa a yi gawayi. Masu ilimin nan suna raye, a shirye suke su yi bayani in an tambaye su cikin ladabi. Abin da ya rage shi ne marubuta da masu ɗaukar hoto da kamfanonin ɗab'i su ɗauki karatun yaro da muhimmancin da zai sa su bar tebur su tafi inda ake aikin.